Amanar Mai Yin Kek: Abin Da Ke Ciki, Abin Da Ke Sama, Da Abin Da Aka Yi Alkawari



Ya ku iyaye da 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya halarci biki ko suna ko walima a Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango, ko Fadama a cikin 'yan shekarun nan, ya ga wani baƙo da ya riga ya zama ɗan gida, wato kek, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Togo suke kira gato. A da, idan an ce kayan biki, hankali yakan tafi ga alkaki da nakiya da cincin da masa da funkaso. Yau kuwa da wuya a watse taro ba a fito da kek mai hawa biyu ko uku ba, an yi masa ado, an rubuta suna a kansa, ana ɗaukarsa hoto kafin a sa masa wuƙa.

Wannan ya buɗe ƙofar sana'a ga mata da 'yan mata da yawa a zangunanmu. Suna gasawa a gida, ana ba su oda ta WhatsApp, ana turo musu kafin alƙalami ta waya, kuma da abin da suke samu wasu suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu ko na ƙannensu. Sana'a ce ta halal, kuma abin a yaba ce. Sai dai tana da wani nauyi wanda mai tuyar masa ba ta da shi. Mai masa tana soya abin da ta saba, wanda ya so ya saya. Ita kuwa mai kek, umarni ake kawo mata: ga siffar da nake so, ga hoton da za a ɗora, ga maganar da za a rubuta. Da hannunta za a rubuta maganar wani. To, ina za ta tsaya? Me za ta karɓa, me za ta mayar, kuma da wane irin harshe?

Abin da ido ba ya gani

Amana ta farko tana cikin kwaɓin, inda mai saye ba ya gani. Girke-girken kek da yawa daga ƙasashen Turai suka zo, kuma wasunsu da giya aka gina su. Kek ɗin 'ya'yan itace na Kirsimeti a al'adar Ingila, ana jiƙa shi da barasa kafin gashi da bayansa. Kek ɗin nan na Jamus da ake kira Black Forest, asalinsa da wata barasa ta 'ya'yan ceri ake yinsa. Akwai masu cewa zafin wuta yana ƙone giyar duka, amma ba haka abin yake ba. Alƙaluman Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka sun nuna cewa bayan gashi na minti 15, kimanin kashi 40 cikin 100 na barasar da aka zuba yana nan, bayan awa ɗaya kuma kashi 25. Balle wadda aka yayyafa bayan an sauke.

Har ila yau, ruwan banila na asali, bisa dokar Amurka, sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na sinadarin barasa kafin a kira shi da wannan suna. Malamai sun saɓa a kan ɗigon da ya narke a cikin abinci har ba ya sa maye, amma hanyar kauce wa saɓanin a buɗe take, domin akwai garin banila wanda babu barasa a cikinsa. Haka batun jelatin, wanda ake sakawa a cikin fondan, wato kwaɓin sukarin nan mai laushi da ake lulluɓe kek da shi. Jelatin daga fata da ƙashin dabbobi ake samunsa, kuma kaso mai yawa na wanda ke yawo a kasuwannin duniya daga fatar alade yake. Wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa ya riga ya sauya daga asalinsa, don haka ya halatta, amma hukumomin halal na Malesiya da Indonesiya ba su karɓi wannan ra'ayi ba. Ga kuma jan kala mai lamba E120, wanda daga jikin wani ƙwaro ake tatso shi, shi ma akwai maganganun malamai a kansa.

Ba a ce mai kek ta zama mai ba da fatawa ba. Abin da ke kanta shi ne ta karanta rubutun da ke jikin gwangwani da leda, ta nemi jelatin na shanu mai shaidar halal ko agar-agar da ake samu daga ciyawar teku, sa'an nan ta faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ta zuba. Idan an biya ta kuɗin bota ta saka majarin, ta ci amana, ko da babu wanda ya gane a baki. Mun san yadda tsadar kaya ta matsa wa masu sana'a lamba, musamman a Disambar 2022 lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100. Amma maganin tsada shi ne a ƙara farashi a fili, ko a rage girma da sanin mai saye. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, sai ya zargi mai shi da rashin ɗora shi a sama inda mutane za su gani, ya kuma nesanta kansa daga mai algus. Kek kuwa abu ne da ado ya rufe cikinsa gaba ɗaya, saboda haka ya fi tarin hatsi buƙatar wannan gargaɗi.

Lafiyar jama'a ma tana cikin wannan amana. A 2015 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana ta gano ana zuba wani rinin masana'antu mai suna Sudan IV a cikin manja a kasuwannin Akara domin ya ƙara ja. Darasin da mai kek za ta ɗauka shi ne kada ta sayi kalar da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba don kawai ta fi araha. Sa'an nan kirim na madara da ƙwai ba ya jure zafin Akara. A wuri kamar Tsohuwar Fadama, kusa da Agbogbloshie, inda ɗakunan katako suke a cunkushe kuma ba kowa ke da firji ba, wajibi ne ta gaya wa mai saye cewa irin wannan kirim ba zai kai yamma ba, ta ba shi shawarar wanda zai jure, ko da ribarsa ba ta kai ba.

Rubutu mai alfarma a ƙarƙashin wuƙa

Amana ta biyu tana saman kek. Mafi yawan abin da ke ɗaure wa masu wannan sana'a kai a zango ba daga masu mugun nufi yake zuwa ba, daga masu kyakkyawar niyya yake zuwa. Uwa ce ɗanta ya sauke Alƙur'ani, tana son kek mai siffar Mus'hafi a buɗe, da aya a rubuce. Ko 'ya'ya ne mahaifinsu ya dawo daga Hajji, suna son kek mai siffar Ka'aba. Ko mai jego ce take son a rubuta Basmala a saman kek ɗin suna. Murna ce da son addini suka kawo su. Amma mu duba ƙarshen abin. Za a sa wuƙa a tsakiyar ayar, a raba kalmominta a kan takardu da robobi, yara su zubar da gutsure a ƙasa, a taka, abin da ya rage a faifan ƙasa kuma ya tafi kwandon shara.

Wani zai ce, ai mun gaji shan rubutu daga iyaye da kakanni. To, ko a wurin waɗanda suke yinsa, rubutun sha yana da ladubbansa: allo mai tsarki, mai rubutu da alwala, ruwan wanki a ƙwarya mai tsabta, ba a barin ɗigonsa ya zuba inda ƙafa take takawa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya lamuncewa a filin biki. Saboda haka abin da ya fi aminci shi ne mai kek ta ba da wata hanya: a rubuta "Barka da sauka" ko "Sannu da dawowa, Alhaji", a yi ado da zanen fure ko taurari ko kubbar masallaci. Idan sunan jariri ya ƙunshi sunan Allah, kamar Abdullahi ko Abdurrahman, sai a rubuta shi a kan ɗan kati ko allon roba da ake cirewa a adana kafin a yanka. Da haka murna ta cika, alfarma kuma ta tsira.

Siffa da hoto

Za a yi mamakin jin cewa malaman mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, sun tattauna abin da ya yi kama da wannan tun ƙarnoni da suka wuce, kuma a babin walima suka kawo shi. A cikin sharhohin Muhtasar na Shaihu Halil an bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa, cikakken gaɓoɓi, na abu mai rai, wanda aka haramta, da zanen da ke shimfiɗe ba shi da inuwa, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Sun kuma yi tambaya a kan siffar da aka yi da abin da ba ya daɗewa, kamar ɓawon kankana ko kwaɓin gari. Wasu sun sassauta, amma mafi yawansu sun hana. Sun dai keɓe 'yar tsanar da 'yan mata suke wasa da ita. Ango da amarya na sukari da ake tsayarwa a saman kek sun faɗa cikin wannan mas'ala kai tsaye, don haka wadda ta ce ba ta yinsu tana da madogara, kuma bai kamata a kira ta mai tsanani ba.

Hoton da ake bugawa da inji a kan takardar sukari yana da nasa tambayoyin, waɗanda ba na fiƙihun siffa kaɗai ba ne. Shin mai hoton ta yarda? Sau da yawa saurayi ne yake kawo hoton yarinyar da ba a ba shi ba, ko ƙawaye su kawo hoton amarya ba lulluɓi, daga nan ya shiga wayoyin jama'a. Ita ma mai kek, kada ta yaɗa hoton kek mai ɗauke da fuska da sunan 'yar mutane domin tallar sana'arta sai da izini. Haruffan majigin yara da tambarin ƙungiyoyin ƙwallo kuwa suna da masu su, kuma Gana tana da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005. Abin da ya fi wannan yawa a tsakaninmu shi ne ɗauko hoton aikin wata daga intanet a nuna wa mai saye a ce nawa ne. Wannan ƙarya ce a cikin ciniki, kuma ranar biki takan tonu.

Maƙwabci da saƙonsa

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Gana, Kirista kuwa sun haura kashi 71. Mai kek a Nima ko Mamobi ba za ta rasa masu saye Kirista ba, wasu ma gida ɗaya suke zaune da ita. Sayar musu da kek na aure ko na kammala karatu ciniki ne kamar kowane ciniki, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta yi horo da kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Mun kuma ga misali daga Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya ziyarci cocin Christ the King a Akara ranar Ista ta Afrilun 2019, yana cika shekara 100, domin ƙarfafa zaman lafiya. Wuyar tana zuwa ne idan aka nemi ta zana gicciye, ko ta rubuta maganar aƙida wadda ta saɓa wa tata.

Wannan tambaya ba ta tsaya ga zangunan Akara ba, har ta kai manyan kotunan ƙasashen waje, kuma akwai abin koyo a cikin wata shari'a da aka yi a Birtaniya. A 2014 wani mutum ya ba gidan burodi na Ashers da ke Belfast, a Ireland ta Arewa, odar kek na fam 36.50 mai ɗauke da saƙon goyon bayan auren jinsi ɗaya. Masu gidan, waɗanda Kirista ne, sun karɓi odar da kuɗin, daga baya suka kira shi suka ce ba za su rubuta ba, suka mayar masa da kuɗinsa. Ya kai ƙara, ƙananan kotuna biyu suka ba shi gaskiya. Amma a Oktoban 2018 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka haɗu a kan cewa masu gidan saƙon suka ƙi, ba mutumin ba, domin da wani ne ma ya kawo wannan saƙo da sun ƙi shi, kuma sun saba sayar masa da kaya. Maganar ba ta mutu ba sai a Janairun 2022, lokacin da Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙi sauraron ƙarar. Dokar Birtaniya ba tamu ba ce, amma darussa biyu sun fito fili. Na farko, akwai bambanci tsakanin ƙin mutum da ƙin magana. Na biyu, a faɗi iyaka kafin a karɓi kuɗi.

Saboda haka mai kek ba ta korar kowa saboda addininsa ko ƙabilarsa. Za ta iya cewa: "Maman Kofi, ki yi haƙuri, zan gasa miki kek mai kyau in yi masa ado, amma wannan alama ba na zana ta. Ga wadda za ta ƙarasa miki." Haka mu ma ba za mu tilasta wa mai kek Kirista ta rubuta abin da zuciyarta ba ta yarda da shi ba. Abin da kake so a yi maka, shi za ka yi wa wani.

Habaici da siyasa

Akwai kuma saƙon da ba na aƙida ba, amma yana da dafi. Mun san al'adar habaici a gidajen biki, a waƙa da sunan atamfa, yanzu kuma ya hau kan kek. Amarya ko danginta su nemi a rubuta maganar da kowa ya san uwargida ake nufi, ko uwargida ta aika wa kishiya kek mai ɗauke da gori. Mai kek kada ta ce ni 'yar aike ce. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabai, aya ta 2 ta Suratul Ma'ida kuma ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. Kek za a cinye shi a yini ɗaya, hotonsa kuwa zai zauna a waya shekara da shekaru yana hura wuta tsakanin 'ya'yan uba ɗaya.

Haka abin yake a lokacin zaɓe. Kek mai lema da launukan NDC, ko mai giwa da launukan NPP, ba laifi ba ne a kan kansa, kuma mai sana'a za ta iya yi wa kowane ɓangare. Amma zagin ɗan takara, ko gori ga unguwar da ta faɗi, wannan wani abu ne daban. Mutanen Tsohuwar Fadama da Agbogbloshie ba su manta da rikicin magoya bayan jam'iyyu na 2009 wanda aka rasa rayuka a cikinsa ba. Inda ciyawa ta bushe, ba a wasa da ashana.

Kafin alƙalami da cika alkawari

Amana ta uku ita ce yarjejeniya. Odar kek tana cikin abin da malaman fiƙihu suke kira istisna'i, wato a sa mai sana'a ya ƙera abin da babu shi tukuna. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Jidda a 1992, da sharaɗin a bayyana nau'i da adadi da siffa, a kuma yanke lokaci. A zamanta na Brunei a 1993 ta halatta kafin alƙalamin da mai sayarwa yake riƙewa idan mai saye ya fasa, muddin an ƙayyade wa'adi, ko da yake Malikiyya da mafi yawan magabata ba su yarda da shi ba. Hanyar da za ta kwantar da hankalin kowa ita ce a rubuta komai tun farko: girma, hawa nawa, ɗanɗano, kalmomin da za a rubuta harafi da harafi, ranar karɓa da sa'arta, da abin da zai faru idan an fasa. Idan an ɗage biki kafin ta sayi kaya, ta mayar da kuɗin. Idan ta riga ta kashe, ta cire abin da ta kashe ta mayar da saura.

Idan kuma kuskuren daga gare ta ne, ta rubuta suna ba daidai ba, ko kek ya rushe a hannun yaron da ta aika, to ta ɗauki asarar. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantunmu, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka karɓa suka tafi da su, kuma hikimar wannan ita ce tsare dukiyar mutane. Kada kuma ta karɓi oda biyar a ranar Asabar ɗaya alhali murhunta na biyu ne. Game da hawan bogi, wato farin soso mai tauri da ake lulluɓewa da sukari domin kek ya ƙara tsawo, babu algus idan mai saye ya sani kuma an rage masa kuɗi. Algus yana shiga ne idan aka caje shi kuɗin hawa huɗu alhali biyu ne na ci.

Nauyin masu saye

Ba mai kek kaɗai ke da nauyi ba. Mu masu kai oda, kada mu matsa wa 'yar mutane ta yi abin da ta ce ba ta yi, muna tsoratar da ita da cewa za mu kai wa wata. Kada mu karɓi kaya mu riƙe cikon kuɗinta har sai ta gaji da sallama a ƙofar gida. Kada kuma gasa ta sa mu ci bashi domin kek mai hawa biyar, alhali ba a gama biyan kuɗin ɗaki ba, kuma aya ta 31 ta Suratul A'araf ta haɗa izinin ci da sha da hani ga almubazzaranci. Bukukuwan da malamai suka saɓa a kansu, kamar zagayowar ranar haihuwa, kowane gida ya bi malamin da ya amince da shi, ita ma mai kek ta tsaya a kan abin da ta gamsu da shi, ba tare da ta mayar da teburin cinikinta wurin yi wa mutane hukunci ba.

Shawararmu ga 'yan'uwa mata masu wannan sana'a ita ce kowace ta zauna da malaminta sau ɗaya, ta fitar da jerin abin da take yi da wanda ba ta yi, ta rubuta shi a taƙaice, ta nuna wa duk mai oda kafin a yi maganar kuɗi, kuma ta yi wa kowa mudu ɗaya, mai kuɗi da talaka, na gida da baƙo. Za ta rasa wasu 'yan ciniki, babu shakka. Amma a zango labari ba ya kwana, kuma wadda aka sani da gaskiya ba ta rasa mai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cin haram, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.